Babi na Shida: Duba Lafiyar Ma'aikaci

Darasi na 1: Da me kake aiki?

'Yan'uwa, cutar wurin aiki ba ta yin sallama. Ƙurar dutse da ta yashi tana iya yin shekara 10 ko fiye a huhu kafin mutum ya fara haki, kuma tabon da ta bari ba ya warkewa. Shi ya sa ake duba ma'aikaci tun yana jin kansa garau.

Idan ka zauna gaban likita zai tambaye ka, "Da me kake aiki?" A nan yawancinmu muke tuntuɓe. Na taɓa raka wani dattijo da hannuwansa suka tsattsage har suna jini. Da aka tambaye shi sai ya ce, "Wani ruwa ne fari, mai wari." Likita ya ajiye biro yana kallonsa. Ruwa fari mai wari ai yana da yawa, kuma kowanne da irin gwajinsa.

To, ga abin yi. Ka je wurin durom ko galan ko buhun da kake aiki da shi. A jikinsa akwai takarda a manne. Rubutun da ya fi girma, galibi shi ne sunan. Ka buɗe littafinka ka kwafe shi harafi bayan harafi. Ko ba ka iya karanta shi ba, ka kwafa. Ka ɗora yatsa a kan harafi na farko, ka rubuta, ka matsa zuwa na biyu. In ka gama, ka ƙirga haruffan jikin galan, ka ƙirga naka. Sun yi daidai? Madalla. Ba su yi ba? Babu komai, a sake. Kada ka buɗe murfi ka shinshina wai don ka gane ko mene ne.

A ƙasan sunan ka rubuta awa nawa kake taɓa shi a rana, da shekarar da ka fara.

Yanzu kowa ya duba littafinsa. Makon jiya na ba da wannan aiki, fiye da rabinku kuka dawo min da "fenti" da "maganin ƙwari". Haba jama'a! Wane fenti? Wani fentin yana da dalma, wani babu. Suna nake so, yadda yake a jikin galan. Ku koma ku kwafo.

Darasi na 2: Gwajin farko

A gwada ka kafin ka fara aiki, ko a farkon shigarka. Da wannan sakamako za a riƙa auna na baya. Mai aiki cikin ƙara ana sa masa abin saurare a kunne, duk ƙarar da ya ji sai ya danna maɓalli. Da desibel ake auna ƙarfin ƙara, kuma hatsari yana farawa daga desibel 85 na tsawon awa 8. Idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke kusa da kai ya ji ka, ƙarar ta kai. Mai aiki cikin ƙura yana hura iska a bututu da iyakar ƙarfinsa. Mai aikin batir ko narka dalma, jininsa ake ɗiba.

Yarjejeniya ta 161 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1985, ta ce wannan dubawa kyauta ce ga ma'aikaci, kuma ba a yanke masa albashi saboda ita. Ka tafi da littafinka mai sunan nan.

Darasi na 3: Ajiye sakamako

Ka nemi kwafin sakamakonka. Ka rubuta ranar gwaji da ranar komawa. Ka sa shi a leda, ko da ka bar aikin kada ka yar.

Darasi na 4: Kada ka jira

Tari da ya ƙi tafiya, kunne mai ƙara, ƙaiƙayin fata, yatsu masu mutuwa. In ka ga ɗaya, ka je wurin likita, ka kuma sanar da shugabanka a wurin aiki.