Yadda Kirista Zai Auna Saƙon da Aka Ce Daga Allah Ne

Ba baƙon abu ba ne a ikilisiyoyinmu wani ya tare ɗan'uwansa bayan an tashi sujada, ya ce masa Ubangiji ya nuna masa wani abu a kansa, ko matar da zai aura, ko aikin da zai bari, ko wani cikin dangi da ake cewa shi ne sanadin ciwon ɗansa. A 1 Tasalonikawa 5:20-21 manzo Bulus ya haɗa umarni biyu wuri ɗaya, cewa kada a raina annabci, kuma a gwada kome kafin a riƙe shi.

Abu na farko shi ne kada ka ba da amsa nan take. Ka gode wa mai maganar, ka ce za ka kai ta gaban Ubangiji, sa'an nan da ka isa gida ka rubuta ta yadda aka faɗe ta, da kwanan wata, domin magana takan sauya kama idan ta kwana a baki. Karin Magana 9:10 ta ce tsoron Ubangiji shi ne mafarin hikima, kuma a nan tsoron yana da fuska biyu: tsoron ƙin abin da Allah ya faɗa, da tsoron ɗora masa abin da bai faɗa ba. Wanda wannan tsoro ya cika zuciyarsa ba zai firgita don mai saƙon ya ɗaga murya ko yana da babban suna ba.

Irmiya sura 28 ta nuna wannan dakatawa a aikace. A zamanin sarki Zadakiya, wani annabi mai suna Hananiya ya tsaya a Haikali gaban firistoci da jama'a, ya ce cikin shekara 2 Allah zai karya karkiyar sarkin Babila. Irmiya, wanda ya san saƙon ya saɓa wa abin da aka ba shi, ya ce amin, ya yi fatan hakan ya tabbata, sai dai ya tuna wa jama'a cewa annabin da ya yi alkawarin salama ba a tabbatar da shi sai maganarsa ta cika. Har da Hananiya ya cire karkiyar itace da Irmiya ya rataya a wuyansa a matsayin alamar bauta wa Babila ya karya ta a bainar jama'a, Irmiya tafiyarsa ya yi, bai dawo da amsa ba sai da maganar Ubangiji ta zo masa. A ganina tawali'un da ke cikin wannan tafiya ya fi gardama wuya, domin ya bar wurin kamar wanda aka kayar.

Daga nan sai ka buɗe Littafi Mai Tsarki, kamar mutanen Biriya waɗanda suka riƙa bincika Nassi kowace rana su ga ko abin da Bulus kansa ya koyar haka yake. Saƙon da ya saɓa wa abin da Allah ya riga ya faɗa a sarari ya faɗi jarrabawa, ko daga bakin wa ya fito. A 1 Sarakuna 13 wani tsohon annabi a Betel ya ce mala'ika ne ya yi masa magana, alhali ƙarya yake yi, kuma mutumin Allah da ya bi shi ya rasa ransa.

Ka duba kuma abin da saƙon zai haifar. Yakubu 3:17 ya bayyana hikimar da ke daga sama da tsarki, da son salama, da sauƙin kai, da jinƙai. Saƙon da ya laƙaba wa tsohuwa maita, ko ya ce ka ajiye maganin asibiti, ko ya zo da sharaɗin kuɗi, ko ya hana ka gaya wa kowa, bai yi kama da wannan hikima ba. Annabi Elisha ma ya ƙi karɓar kome daga hannun Na'aman bayan Na'aman ya warke daga kuturta ta hannunsa.

Zuciyarka ma abar bincike ce, domin saƙon da ya yi daidai da abin da ka daɗe kana sha'awa shi ya fi bukatar gwaji. Saboda haka ka kai takardar da ka rubuta wurin fastonka, ko dattijon ikilisiya, ko wata uwa a zumuntar mata, amma ka zaɓi wanda zai iya ce maka a'a, kada ka yi irin na sarki Rehobowam da ya bar shawarar dattawa ya bi ta tsaransa har mulki ya rabu.

Idan bayan addu'a da shawara ka ga saƙon bai tsaya ba, ka sami mai shi a keɓe, ka faɗa masa cikin ladabi cewa ba ka sami tabbaci ba, gama mai yiwuwa kuskure ya yi da kyakkyawar niyya. Amma idan maganarsa ta ɓata sunan wani, ko yana karɓar kuɗi a kanta, wajibi ne dattawan ikilisiya su sani.