Yadda ake ɗora wa bakteriyar nono rigakafin mura

Ga tsarin da nake ɗora duk ɗalibin da ya shigo ɗakin gwajinmu a kai, in ya ce zai yi aiki a kan rigakafin mura na baki ko na hanci. A sani tun yanzu, babu irin wannan rigakafi na bakteriya da aka amince a bai wa mutane. Bincike ne, kuma galibinsa a kan ɓeraye da kaji ya tsaya. Abin da ya sa ake fama da shi, mura ta hanci da maƙogwaro take shiga, allurar kafaɗa kuwa a jini ta fi tara kariya. Mu IgA muke nema, furotin ɗin kariya da ke fitowa cikin majina ya tare bairus tun bai kama ba. Wanda ya san ɗigon foliyo ya riga ya san dabarar.

Fara da zaɓen bakteriya. Ni Lactococcus lactis nake ɗauka, wadda ake yin cuku da ita, nau'in NZ9000 tare da filasmid pNZ8148, wato ɗan zoben DNA da ake ɗora wa bakteriya sabuwar ƙwayar gado da shi. Cibiyar NIZO ta ƙasar Holan ce ta fito da tsarin a shekarun 1990, kuma daɗinsa shi ne ƙwayar gadon da ka saka ba ta motsi sai ka ɗiga sinadarin nisin. Ka raine ta a ruwan M17 mai gulukos kashi 0.5 cikin ɗari, a zafin digiri 30, ba girgizawa. Ba ta zama a hanji, kwana kaɗan ta wuce. Wasu na ganin aibi ne su koma Lactobacillus casei. Ni dai na fi son baƙon da ya san lokacin tafiya.

Inda za ka ɓata lokaci shi ne zaɓen ɓangaren bairus. Kowa furotin HA yake so, domin shi ne ƙugiyar da bairus ke maƙale wa jiki da ita, kuma a kansa allurar shekara-shekara ta dogara. Sai dai kansa yana sauya kama kusan kowace shekara, sannan a jikin bairus uku-uku yake tsayawa, lulluɓe da sukari. Bakteriya ba ta iya liƙa masa wannan sukarin, sau da yawa sai ta fitar da shi a murɗe, jiki ya yi kariya ga siffar da ba ta wanzu. Saboda haka ɗan farawa M2e nake ba shi. Ɗan guntun wani furotin ne na jikin bairus, amino asid 23, bai cika sauyawa tsakanin nau'o'in mura A ba. Shi kaɗai ba ya tayar da garkuwar jiki sosai, sai an jera shi sau uku ko huɗu. Kar kuma ka yi masa tsammanin abin da ba ya yi: ba ya hana kamuwa, tsananin cutar yake ragewa. In za ka ba da odar DNA, ka ce a daidaita rubutun da na L. lactis, don haruffan G da C a DNA ɗinta kusan kashi 35 cikin ɗari ne kawai.

Furotin ɗin a jikin bangon bakteriya ta waje nake son sa. Ka haɗa masa alamar fita ta Usp45 da wutsiyar AcmA mai kama bango, dukkansu furotin ne na ita L. lactis. Shigar da filasmid da bugun lantarki ake yi, bayan an raini bakteriyar da gilaisin da sukari don bangonta ya yi laushi. Filasmid ɗin yana sa bakteriya ta jure maganin kashe ƙwayoyin cuta na chloramphenicol, don haka waɗanda suka tsiro a farantin da ke da maganin su ne naka. In kaurin ruwan ya kai 0.4 zuwa 0.5 a ma'aunin haske da ke nuna yawan bakteriya, ɗiga nisin nanogiram kaɗan a kowace mililita, ka jira kamar awa uku. Layin da za ka gani a gwajin gano furotin na Western blot yana nuna furotin na nan ne kurum, bai ce yana waje ba. Sai ka gwada bakteriyar da ba a fasa ba.

Yanzu ɓeraye. Nan ne ayyuka da yawa ke rushewa, don ita kanta bakteriyar nono, ko ba ka ɗora mata komai ba, tana zaburar da garkuwa har ɓera ya ɗan jure mura. In ba ka da rukunin da aka bai wa bakteriya mai filasmid fanko, ba ka da hujjar cewa M2e ɗinka ya yi wani abu. Rukunin ruwan gishiri kaɗai bai isa ba. Ta baki ana ba da bakteriya biliyan 1 zuwa 10, kwana uku a jere, a maimaita bayan mako biyu, a sake. Kar ka tsaya ga jini. Wanke hanci da huhu ka auna IgA a can. Daga nan a shaƙa musu bairus na PR8, wanda aka samo a Puerto Rico a 1934, a riƙa auna nauyinsu kullum har kwana 14, a tsaya a iyakar ramar da kwamitin kula da dabbobi ya yanke.

In sakamako ya yi rauni za ka ji sha'awar ƙara gubar bakteriya don ta zaburar. Yi hattara da hanci. A 2000 an fitar da wani feshin mura mai suna Nasalflu a Suwizalan, da gubar LT ta E. coli a ciki, aka riƙa samun shanyewar ɓarin fuska, a 2001 aka janye shi.

Filasmid mai jure chloramphenicol ba ya fita daga ɗakin gwaji. In aikin zai kai ga ruwan shan kaji, koma NZ3900 da pNZ8149, inda sukarin madara ke tace masu filasmid a maimakon maganin. Akwai kuma dabarar Lothar Steidler ta 2003, ya cire ƙwayar gadon thyA ta yadda bakteriyar ke mutuwa a waje in ta rasa thymidine, sinadarin da take gina DNA da shi. A Najeriya, izinin NBMA, hukumar da ke sa ido kan halittun da aka sauya wa ƙwayoyin gado, wadda aka kafa a 2015, za ka fara nema. Bairus ɗin murar tsuntsaye H5N1, wanda ya fara ɓulla a Afirka a wata gonar kaji a jihar Kaduna a 2006, ba a taɓa shi sai a ɗaki mai tsaro na mataki na 3. In can ka nufa, tuntuɓi cibiyar binciken dabbobi ta Vom kafin ka rubuta tsarin aikinka.