Kurakuran da Ake Yi Wajen Gyara Tsohon Gidan Ƙasa Don Koyar da Noma

Mun taɓa haɗuwa mu 'yan unguwa muka karɓi wani tsohon gidan ƙasa a bakin gari, irin wanda jikoki suka watse suka bar wa ƙadangaru, da niyyar mu tashe shi ya zama wurin koya wa yara da matasa noma mai ɗorewa. Wasu cikinmu sun karanta tsarin nan na famakalca, wato noman da ke kwaikwayon yadda halittu ke raya juna a daji, wanda Bill Mollison da David Holmgren suka fito da shi a Ostareliya a shekarun 1970, suna ta ɗoki. Damina biyu kacal gidan ya yi a hannunmu katangar gabas ta zube. Ba tsufa ne ya kayar da ita ba, aikinmu ne. Tun daga nan nake lura da masu irin wannan aiki, kuma kusan rami ɗaya kowa ke faɗawa.

Babban ramin shi ne siminti. Da an tara ɗan kuɗi sai wani ya ce a yi wa bangon filasta a huta da yaɓen kowace shekara. Maganar tana da daɗin ji, amma ƙasa da siminti ba sa zaman aure. Bangon ƙasa yana shan laima da damina, ya fitar da ita idan rana ta buɗe, yana ɗan kumbura yana komawa. Siminti kuwa ya sandare ke nan. Ba a daɗewa zai yi tsaga siririya kamar gashi, ruwa ya bi ta nan ya shiga, ya rasa hanyar fita. Daga waje bango sumul, ciki kuwa ya zama kunu. Ranar da ɓawon zai ɓanɓaro, da naman bangon yake tahowa. In kun riga kun yi, ku ƙwanƙwasa da hannu: duk inda ya amsa kamar ganga, ya rabu da ƙasar. A ɓanɓare shi da rani, a bar wurin ya sha iska ya bushe sarai, a cike ramukan da irin ƙasar da aka yi ginin da ita, sannan a yaɓe.

Magabata ba su rasa abin kare bango daga ruwa ba. Akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ita ce ke ba yaɓe duhun nan mai sheƙi da ruwa ke zamewa a kai. Akwai kuma laso, wanda ake haɗawa da katsi, wato dattin da ke kwantawa a ƙasan ramin rini, da gashin jima da ruwan dafara, wata tsiro mai yauƙi. Wanda ke Kano bai da hujjar cewa bai san inda zai tambayi katsi ba, tunda marinar Ƙofar Mata tana nan. Samunsu ya yi wuya fiye da da, gaskiya ne, sai an sa cigiya tun da wuri. Amma ko yaɓen jar ƙasa zalla da aka kwaɓa da ciyawa ya fi wa ginin alheri a kan buhu goma na siminti.

Sai fara aiki daga fuska. Kowa so yake a ga zankwaye sun miƙe, an zana dagi a goshin zaure, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Mu ma haka muka yi, alhali indararo biyu sun toshe da ganye da kashin tantabara, ruwa yana kwana a kan soro. Rufi ake fara hawa. A share shi, a duba gangarensa, a tabbatar kowane indararo ya fito da tsawon da zai zubar da ruwa nesa da bango, ba ya tsiyaya a jikinsa ba. A cikin ɗaki kuma a bi azara ɗaya bayan ɗaya. Azara itacen giginya ce, gara ba ta cika iya mata ba, shi ya sa ta daɗe tana ɗauke da sorayen Kano. Wanda ya maye gurbinta da katakon kasuwa ya kai wa gara abinci har gida. Kuma tana da iyaka: kusan ƙafa shida take haurawa ita kaɗai, ɗakin da ya fi haka faɗi sai an yi masa dabarar bakan gizo ko ɗaurin guga, wato lanƙwasassun dogarai na ƙasa da azara da ke ɗauke da rufin. Wanda bai taɓa ɗaga kai ya kalli irin wannan rufi ba, ya shiga Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa ya zauna minti goma, zai gane abin da ya sa ba aikin kowane birkila ba ne.

Wannan ya kawo mu ga maginan. Kuskure ne a ɗauko mai aikin bulo a ce ya yi gyara, a bar tsohon magini yana kallo daga inuwa. Ginin ƙasa sana'a ce ta gado mai sarautarta, Sarkin Magina. Tsohon da ya san ta zai murza ƙasa a tafin hannu ya ce wannan yashi ya yi mata yawa, waccan kuma za ta tsage. Zai ce a jiƙa ƙasar a tattake, a bar ta ta kwana kwanaki ana juyawa kafin a mulmula tubali, tubalin kuma ya yi kamar mako biyu a rana. Mu da ke gaggawa muka ce wa namu tsohon maginin, "Baba, ba za a ɗan rage kwanakin ba?" Ya ce, "Ku rage, ai ba ni zan kwana a ciki ba." A biya shi haƙƙinsa da kyau, a kuma tura masa yara biyu ko uku su zama 'yan kwaɓa. Darasin farko na makarantar ke nan, tun ba a shuka ko ƙwaya ba.

Lokacin aikin daga bayan kaka ne zuwa bazara. Wanda ya fara ɗora tubali a watan Yuni, markar Agusta za ta karɓe shi.

Kuskuren da ya kayar mana da katanga kuwa daga lambun ya fito. Don wurin ya yi kyau muka jera zogale da yakuwa da kabewa a gindin bango, safe da yamma ana ban ruwa. A gefe kuma muka tara juji don yin taki. Ruwan ya riƙa cin gindin katangar a hankali, jujin ya kira gara. Shuka da ramin taki su yi nesa da gini da taku uku zuwa huɗu aƙalla. A ɗaɓe gindin bangon ya gangara waje, a buɗe rariya. A duba titi ma, don a unguwanni da yawa an yi ta ciko har hanya ta fi tsakar gida tudu. Ruwan indararo kuma, maimakon ya tafi kwata, a tare shi a tanki ko a ja shi da ɗan lambatu zuwa gindin itatuwa.

A wajen noman, abin da ya fi ba ni takaici shi ne kwafo komai daga bidiyon ƙasashen da ake ruwa duk shekara. Mu daminarmu wata huɗu ce, in ta yi kirki. Manoman kewayen Kano sun shekara ɗaruruwa suna noma gona ɗaya ba hutu: gero da dawa da wake a kunya guda, harawa ta tafi wa tumaki, takinsu ya dawo gona, jakuna na jigilar shara daga birni a mangala. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ga shi yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. A fara da waɗannan, sannan a ɗora sabon ilimi. Masu neman ingantaccen irin wake suna da ofishin IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, a nan Kano, ga kuma cibiyar binciken noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa a Jami'ar Bayero. Abu ɗaya da ya sauya shi ne sharar birni: ta yau cike take da leda da batir da fasassun kwalabe, dole a tace kafin ta shiga fangali. Ruwan kwata da na masana'antu kuma kada ya kusanci ganyen da yara za su ci.

Akwai wani abu da ake jin nauyin tayarwa, wato takarda. Gidan gado ne, wani kawu ya ce, "Ku yi ta aikinku, ai lada ne." Ranar da gida ya yi kyau, magada goma sha za su bayyana. Kafin a kwaɓa ƙasa a zauna da su duka gaban mai unguwa, a rubuta aro ne na shekara nawa, ko haya, ko waƙafi, kowa ya sa hannu.

Bayan an gyara katangar tamu, sai muka cire kuɗin walimar buɗewa muka zuba a asusun yaɓe. Yanzu duk watan Afrilu akwai Asabar ɗin gayya: ɗalibai su hau soro da tsintsiya, manya su bi tsaga da ƙasa, mata su dama kunun tsamiya. Bayan ruwan farko kuma mutum biyu ke zagaya gidan da fitila, suna neman inda bango ya yi duhu.