Yadda za ka zaga abokai a Zariya lokacin Kirsimeti ba ka bar kowa a baya ba

Dan Allah kar ka bari sai ranar 25 ga Disamba ta zo sannan ka fara buga waya kana tambayar mutane "kana gari kuwa?" Ƙarshen shekara Zariya juyewa take yi, wasu na fita wasu na shigowa. Ɗaliban ABU na Samaru da Kongo da 'yan poli da yawa sun tattara sun tafi gida, 'yan kasuwar Sabon Gari musamman mutanen kudu wasu sun kulle shago sun bi hanya, su kuma 'yan garinmu masu aiki a Abuja da Kaduna da Legas sun diro amma kwana biyu ko uku kawai za su yi kuma iyaye da surukai duk suna jiran rabonsu a cikin kwanakin nan. To tun tsakiyar wata ka buɗe ɗan guruf a WhatsApp, kowa ya faɗi ranar da zai shigo da ranar da zai koma, ku tsayar da rana ɗaya ta haɗuwa. Ni a ganina 26 ga wata ta fi, ita ma hutu ce ta gwamnati, kuma ranar 25 ɗin ta iyali ce da coci, abokinka Kirista daga sujada sai hidimar baƙi, ko ya zauna da kai hankalinsa na wajen tukunya.

Ranar Kirsimetin kanta kuwa ta ziyara ce, kuma nan ne nake so mu tsaya sosai. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take, kuma gaskiya saƙon "Barka da Kirsimeti" da ka tura wa mutum hamsin lokaci guda bai kai ka taka ka je ƙofar gidan mutum ɗaya ba. Ka zaɓi gida biyu ko uku da ke hanya ɗaya, kar ka ce za ka yi Samaru da Sabon Gari da Wusasa duk a yini guda, a keke napep ranar za ta ƙare maka tsakanin Kwangila da PZ da Ɗanmagaji. Ka bari a taso daga coci, wato bayan azahar, sannan ka isa. In ka shiga kar ka wuce kai tsaye ɗakin abokinka, fara da manya, ka rusuna ka ce "Baba barka da Kirsimeti, Mama sannu da hidima, Allah ya maimaita mana." Ka riƙe ɗan wani abu a hannu ko da lemo ne ko katan ɗin ruwa, ka kuma tanadi canji a aljihu don yara za su zagaye ka da sabbin kaya suna neman goro kamar dai ranar sallah.

In ba ka taɓa zuwa Wusasa a wannan lokaci ba, ka sa abokinka ya kai ka. A 1929 mishan ɗin CMS, wato na cocin Angilika, ya tashi daga cikin birni ya koma can, kuma cocin St Bartholomew da aka gina a lokacin har yau yana tsaye, ginin ƙasa ne irin na magina Hausawa, in ka shiga ka ɗaga kai za ka ga bakan gizo irin na tsofaffin zaurukan birni. A wannan unguwar ce Janar Yakubu Gowon ya taso ya yi makaranta. Da Hausa ake waƙoƙi da addu'a, kuma akwai gidajen da kawu Musulmi ne gwaggo Kirista, shi ya sa ba wanda zai kalle ka a baƙo don ka zo da hula da carbi.

Maganar abinci ita ce ke sa wasu jan ƙafa, to a yi ta a fili. Kai mai masauki, in ka san abokanka Musulmi za su zo, ka kai kajin ko akuyar a yanka maka wurin mahauci Musulmi ko ka kira maƙwabcinka ya yanka, da yawa a Zariya haka suke yi tun da daɗewa, kuma da ka ajiye kwano ka faɗa da bakinka "ku ci ba komai, Malam wane ne ya yanka", wannan kalma ɗaya tana sauke wa baƙo nauyi sosai. In akwai masu shan giya cikin baƙinka a ware musu wuri daban, a kawo wa sauran zoɓo ko kunun aya ko lemon kwalba. Ka tanadi buta da ruwa da tabarma mai tsabta a gefe, don la'asar za ta same su a gidanka, magariba kuma a Disamba shida da 'yan mintuna ta yi. Kai kuma baƙo, in akwai abin da ba ka ci, ka faɗa wa abokinka a waya tun kafin ka zo, kar ka bari Mama ta jera maka shinkafa da miya da soyayyen nama sannan ka tsaya kana juya cokali, abin yana yi wa uwa ciwo. Ko cincin da gyaɗa ka ci ka yi godiya ya wadatar.

To sai ranar haɗuwar ku ta abokai. Ba sai an kama wani wuri mai tsada ba, tsakar gidan ɗayanku ma ta isa. Ku yi karo-karo, amma dan Allah kar a yanka wa kowa kuɗi ɗaya a guruf, akwai wanda albashinsa bai shigo ba akwai wanda ba shi da aikin ma, kuma irin wannan ne ke sa mutum ya ce "ina da uzuri" alhali kunya ce ta hana shi zuwa. Mutum ɗaya mai riƙon amana ya karɓa ta bayan fage, kowa ya ba da abin da zai iya, wanda bai da shi ya zo da kansa. Cefane ku yi shi da wuri a kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada don kaji da kayan miya tashi suke yi ana saura 'yan kwanaki, ku kuma cire tsabar kuɗi tun kafin bankuna su rufe, in ba haka ba mai POS zai caje ku son ransa ko netwok ya ƙi. Tsire ko balangu kuwa ku gaya wa mai naman tun da safe ya ware muku.

In kuna son fita, dutsen Kufena na nan bayan Wusasa. Ku bari sanyin safe ya sake, wajen ƙarfe goma, ku tafi a ƙungiya da takalmi mai kama ƙasa da ruwan sha da yawa, ku fara tambayar mutanen unguwa hanyar da ake bi da yadda wurin yake a kwanakin, sannan ku sauko da sauran rana. In hazo bai yi yawa ba za ku hango gari shimfiɗe daga sama. Ledoji da robobin da kuka hau da su ku sauko da abinku.

Akwai mutanen da nake roƙo kar a manta da su, wato 'yan bautar ƙasa da ɗaliban da kuɗin mota ya hana su tafiya gida, da ma'aikatan asibiti irin na Shika da ke kan aiki ranar. Mutum yana ɗaki shi kaɗai a Samaru yana kallon hotunan 'yan gidansu a waya, wallahi ba ƙaramin abu ba ne. In ka san irinsu ka kira ka ce ya shirya za ka biyo ka ɗauke shi, kar ka ce "in ka samu lokaci ka leƙo", ba zai zo ba. Wanda ke bakin aiki kuma a zuba masa a kula a kai masa. Haka wanda aka yi wa rasuwa cikin shekarar, gidansa ya kamata ya zama na farko a zagayenka.

Sanyi kuma kar ka raina shi, hunturun Zariya da rana ta faɗi sai ka ji shi har ƙashi, ka fito da rigar sanyi da man shafawa, mai asma ya riƙe maganinsa da takunkumi saboda ƙura. 'Yan'uwa mata da masu zuwa daga nesa a fara sallamarsu, tun kafin isha'i a nemo musu mai keken da aka sani a karɓi lambarsa, don bayan ƙarfe tara abin hawa wuya yake yi kuma kuɗin ninkawa yake. Wanda ya sha giya kar a ba shi makullin mota ko mashin ko da zai yi fushi, a kai shi ko ya kwana nan. Nokawut kuma, abin wasan nan mai fashewa da ƙara, a haƙura da shi, 'yan sanda kan yi gargaɗi a kansa kuma yana firgita tsofaffi da marasa lafiya. Kowa ya isa gida ya rubuta a guruf cewa ya isa, wanda ba a ji daga gare shi ba a kira shi kafin a kwanta.