Yadda nake koyar da tarihin ƙuri'ar mata da gam da sandar shara

Idan kika tsaya gaban allo kina jero wa 'yan aji uku shekaru, Malama, gyangyaɗi za su yi miki. Ni da kayan aiki nake shiga: fararen takardu, gam, da sandar burushin shara.

Ki raba su gida-gida, kowane gida da takardarsa. A sama su rubuta buƙata ɗaya tak. Nawa sun zaɓi gyaran famfon makaranta. Kate Sheppard da ƙungiyar mata masu yaƙi da shan giya a Niyu Zilan ma abu ɗaya suka nema: a bai wa mace ƙuri'a. Sai ki ba yaran kwana uku su zaga neman sa hannu.

Za su dawo da ƙorafi, wai an yi musu dariya, wai wani ya ce su je su yi wanke-wanke. Kada ki lallashe su tukuna. Ki faɗa musu matan can sun kai wa majalisa sa hannu sama da 9,000 a 1891, suka koma da kusan 20,000 a 1892, duk maganar ba ta kai labari ba. Masu sana'ar giya kuwa sun yi ruwa sun yi tsaki wajen adawa, don sun san wanda matan za su zaɓa.

Daga nan sai liƙi, kuma shi yara suka fi so. A haɗa takardun baki da baki, a naɗe a jikin sandar. Haka aka yi a 1893: sa hannu kusan 32,000, babban naɗin ya kai mita 270, ɗan majalisa John Hall ya turo shi zaure a baro, aka warware a ƙasa. Ranar 19 ga Satumba gwamna ya rattaba hannu kan dokar, a Nuwamba mata suka jefa ƙuri'a, matan Mawori, 'yan asalin ƙasar, kuma suka jefa tasu a Disamba. Namu naɗin daga allo zuwa baranda ya tsaya, gam kuma ya ɓata min hijabi. Ki sa tsohon hijabi ranar.

Ki tanadi amsar tambayar da lalle wata za ta yi: «Malama, mu fa?» Matan Arewacin Najeriya sai 1976 suka samu, bayan Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU ta sha ɗauri a kan wannan magana. Ki ware mata darasin mako mai zuwa gaba ɗaya.