Kurakuran da ake yawan yi wajen auna ƙiba da haɗarin ciwon sukari a tsakanin Sinawa

A shekarar 1980, masu ciwon sukari a ƙasar Sin ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, amma zuwa 2018 binciken ƙasa ya nuna sun haura kashi 12 cikin 100 na manya. Da yawa daga cikinsu ba masu ƙiba ba ne a ido, kuma daga nan kuskure mafi girma yake farawa.

Mutum zai hau sikeli, a lissafa masa ma'aunin BMI, wato nauyinsa a kilo a raba da tsawonsa a mita sau kansa, sannan a gwada sakamakon da iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ce nauyi ya wuce kima daga 25, ƙiba kuma daga 30. Wannan iyaka ta yi wa Basine faɗi, domin jikin mutanen gabashin Asiya yakan tara kitse fiye da na Bature mai nauyi da tsawo irin nasu. Shi ya sa Sin ta rage tata iyakar zuwa 24 da 28. A ɗauki magidanci mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 70: lissafinsa 24.2 ne, lafiya lau a ma'aunin duniya, alhali a na ƙasarsa ya riga ya shiga sahun waɗanda ya kamata a sa wa ido.

Ko an gyara wannan, sikeli ba ya faɗin inda kitsen ya kwanta, kuma wurin kwanciyarsa ne abin damuwa. Kitsen da ke ƙarƙashin fatar cinya bai kai wanda ya lulluɓe hanji ya shiga hanta illa ba, domin na cikin ne ke hana sinadarin insulin, mai daidaita sukarin jini, yin aikinsa yadda ya kamata. Ga shi kuma jikin mutanen yankin ba ya iya ƙara samar da insulin da yawa idan buƙata ta ƙaru, saboda haka ɗan ƙaramin tumbi ma yana iya jawo ciwon. Maganin wannan kuskure tef ɗin tela ne kawai. A tsaya a miƙe, a zagaya shi a tsakiyar tazarar da ke tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, a karanta bayan an fitar da numfashi, ba tare da tsuke ciki ba. Mutane da dama sukan auna a inda wando ke tsayawa, ƙasan teɓa, sai su samu adadin da ke kwantar musu da hankali a banza. A ƙa'idar Sin, santimita 90 ga namiji da 85 ga mace alama ce ta haɗari.

Akwai kuma dogaro da gwajin jinin safe kafin a karya kumallo shi kaɗai. Binciken da aka gudanar a Sin tsakanin 2007 da 2008 ya gano cewa kusan rabin waɗanda ke da ciwon ba tare da sun sani ba, sukarinsu bai tashi ba sai a gwajin awa biyu bayan shan ruwan gulukos. Mai tumbi, ko wanda iyayensa ke da ciwon, ya nemi a yi masa wannan gwajin.

Abin da ya fi damuna shi ne masu cewa tunda an ga alamar ciwon, bakin alƙalami ya bushe. A 1986, a birnin Daqing na ƙasar Sin mai arzikin man fetur, an bi mutum 577 da sukarinsu ya fara hawa, aka sa wasu gyara abinci, wasu motsa jiki, wasu duka biyun, aka bar sauran domin a kwatanta da su. Bayan shekara 6, haɗarin kamuwa ya ragu da kashi 31 ga masu gyara abinci, kashi 46 ga masu motsa jiki, kashi 42 ga waɗanda suka haɗa, kuma da aka sake duba su bayan shekara 30, an tarar ciwon ya jinkirta musu da kusan shekara huɗu.