Yadda za ka gane unguwar da tarago ya kafa a Amurka

A tsofaffin biranen Amurka irin su Boston da Atlanta akwai unguwannin da ba mota ce ta kafa su ba, taragon lantarki ne, mai bin dogo a tsakiyar titi. Abin ya kankama ne a 1888 da injiniya Frank Sprague ya shimfiɗa nasa a birnin Richmond, daga nan masu filaye suka farga ai da ka ja layin dogo zuwa bayan gari shikenan gona ta zama fuloti. Haka aka yi Inman Park a Atlanta, haka Chevy Chase kusa da Washinton.

To da farko dai ka ajiye mota don Allah, unguwar nan da ƙafa aka auna ta. Fara daga babban titi, nan taragon ke bi a da, ka riƙa duba ƙasa, wani sa'in inda kwalta ta ɓare sai ka ga ƙarfen dogon ya leƙo. Inda ka ga shaguna sun taru a kwana, ƙasa kanti sama wurin kwana, yawanci tasha ce a da.

Sai ka shiga layi. Fulotan matsattsu ne ta gaba, dogaye ta baya, saboda kowa so yake 'yar tafiyar minti biyar ko goma ta kai shi tasha. Baranda na gaba tana kallon titi, gareji kuwa in ma akwai shi yana can baya ta lungu kamar an manta da shi, don galibi daga baya aka yi shi. Gida mai 'yar hasumiya da adon katako birjik shi ne salon ginin da ake kira Queen Anne, ya fi tsufa. Wanda yake kamar akwati, ɗaki huɗu ƙasa huɗu sama, Foursquare kenan, ni dai shi ya fi burge ni, ba ƙarya a jikinsa. A Boston kuma za ka ga na katako mai hawa uku, kowane hawa iyali guda da barandarsu. Wasu gidajen ma daga kamfanin sayar da kaya na Sears aka yi odarsu tun 1908, jirgin ƙasa ya kawo su gunduwa-gunduwa aka harhaɗa.

Ka tsugunna ka duba gindin bango, ƙaramar ƙofar ƙarfen nan ta zuba kwal ce. Simintin gefen titi ma wani lokacin akwai hatimin ɗan kwangila da shekara.

In ka koma gida ka nemo tsofaffin taswirorin kamfanin Sanborn a shafin laburaren majalisar dokokin Amurka, kyauta ne, na inshorar gobara aka yi su shi ya sa har kayan ginin kowane gida suka nuna. Ka kuma leƙa tsofaffin takardun filin, don da yawa an rubuta ƙarara kar a sayar wa baƙar fata, sai a 1948 kotun ƙoli ta hana kotuna tilasta wannan sharaɗin.